Farautar Ciwo Mai Ɓuya a Injin Yankan Ciyawa

Injin da ya mutu murus ba ya ba bakanike wahala sosai. An murɗa makulli bai tashi ba, an sake murɗawa bai tashi ba, to duk abin da ya hana shi yana nan zaune, ba inda za shi sai an gano shi. Injin da ke tona asirin mai riƙe da sipana shi ne wanda zai tashi da safe garau, ya yi rabin awa yana aiki, ya ɗauke a tsakiyar fili, a ƙyale shi ya huce, a murɗa ya sake tashi lafiya lau. Irin abin da zazzaɓin dare ke yi wa uwa ke nan: yaro ya kwana jiki zafi rau, gari ya waye a kai shi gaban likita, a tarar wasa yake yi.

Ba ɗan ƙaramin injin da ake turawa da hannu nake nufi ba. Babban nake nufi, wanda mutum ke hawa ya zauna, mai wuƙaƙe biyu ko uku a ƙarƙashin ciki, irin wanda ke wuni yana aske filin golf da filin ƙwallo da harabar jami'a da ta manyan otal-otal. Edwin Budding ne ya ƙirƙiro injin yankan ciyawa na farko a 1830, a yankin Stroud na Ingila, bayan ya ga na'urar da ke aske gashin yadi a masaƙa, kuma daga nan abin ya yi ta girma har ya kai ga waɗannan. Akasarinsu ƙirar Amurka ne. Injin da ke bayan kujera yawanci na Briggs & Stratton ne ko Kohler ko Kawasaki: silinda biyu, ƙarfin doki 20 zuwa 35, ba lagireto, iska kaɗai ke sanyaya shi. Yana juyawa kamar sau 3,600 a minti, wato kowace silinda tana cin wuta sau 30 a daƙiƙa guda. A kowane sau ɗaya sai mai da iska sun gauraya daidai, fistin ya matse su, tartsatsi ya iso a kan kari. Da damina kuwa, lokacin da ƙiri-ƙiri ke tsiro ba dare ba rana, injin da ke tsayawa yana tashi ya isa ya ɓata wa mai kula da fili mako guda cur.

Gwani ba ya fara taɓa injin. Mai hawan injin yake fara zaunarwa, don shi kaɗai ya ga ciwon da idonsa. "Malam, yaushe yake yi maka haka?" Amsar farko kusan kullum ɗaya ce: "Wallahi Oga, haka kawai yake ɗaukewa." Gwani ba ya karɓar wannan amsa, ba don yana ƙaryata mutumin ba, sai don ya san ƙarfe ba ya yin komai haka kawai. Sai ya shiga tatsar sa a hankali. Da sanyin safiya yake yi ko sai rana ta take? Bayan minti nawa da tayarwa? A gangare ne ko a shimfiɗaɗɗen wuri? In ƙafar injin ta faɗa rami fa? Sai an sa wuƙaƙe yake yi, ko har ba a sa ba? A ina aka sayo man ƙarshe? Sannan ya zo kan tambayar da ta fi duka nauyi: yaya yake mutuwa? Ɗif yake yi lokaci guda kamar an kashe makulli, ko kuwa sai ya yi ta shessheƙa, ya ja ya saki, ƙarfinsa ya yi ta raguwa kafin ya kwanta?

A nan hanya ke rabuwa biyu. Wuta ba ta yin sallama, in ta ɗauke ta ɗauke. Mai kuwa a hankali yake ƙarewa, domin a ƙasan kafireto akwai ɗan kwano da ke riƙe da man da zai iya ɗaukar injin minti ɗaya ko biyu bayan an daina kawo masa. Saboda haka mutuwar ɗif tana nuna wajen wuta da wayoyi, mutuwa mai shessheƙa tana nuna wajen mai. Kafin a kwance noti ko ɗaya, rabin injin ya riga ya fita daga zargi.

Akwai wata hanyar da ta fi wannan sauƙi, kuma da yawa ita suke bi. A tura injin inuwar bishiya, a ce filogi ne, a sayo sabo. Kafin a dawo daga kasuwa injin ya huce, ana ɗaurawa sai ya tashi, a karɓi kuɗin aiki. Jibi ya sake ɗaukewa, a ce kafireto ne. Mako mai zuwa a ce koyil ne. Gwani ba ya zama a inuwar. Yakan haɗa kayansa tukuna, sa'annan ya ce a tayar da injin a shiga fili, shi kuma ya bi shi a ƙafa cikin rana, yana jiran ciwon ya zo. Ya san cewa daga lokacin da injin ya tsaya, 'yan mintuna kaɗan gare shi kafin ƙarfe ya huce shaida ta ɓace. Shi ya sa komai yake a hannunsa: sipanar filogi, mitar auna wuta, wankakkiyar farar kwalba, da na'urar gwajin tartsatsi, wata 'yar aba mai tagar gilashi da ake sanyawa tsakanin filogi da wayarsa. Tun kafin a tayar da injin yake maƙala ta, don in injin ya fara mutuwa ya ga ko hasken cikin tagar ya riga injin ɗaukewa, ko yana nan yana ƙyalli har juyin ƙarshe.

Injin na tsayawa, hannunsa na farko murfin tanki yake zuwa. Ya sunkuyar da kunne, ya sassauta murfin a hankali. In ya ji "fuuu", iska na rugawa ciki, to magana ta kusa ƙarewa. A jikin murfin, ko a wani ɗan tiyo da ke saman tanki, akwai wata 'yar kafa da iska ke bi ta maye gurbin man da injin ya sha. In ƙura ta toshe ta, ko zanzaro ya liƙe bakin tiyon da laka lokacin da injin ke ajiye, mai zai yi ta fita iska ba ta shiga, har tankin ya riƙe sauran man ya hana shi sauka. In aka bar injin ya huta, iska ta sulale ta shiga, mai ya sake gudu, sai a ce injin ya huce ne. Tabbatarwa ba ta cin ko kwabo: a bar murfin a sassauce, a ci gaba da yanka a shimfiɗaɗɗen wuri. In ya wuce lokacin da ya saba mutuwa bai mutu ba, an kama ɓarawon.

In murfi bai yi magana ba, sai cok. Cok wani ɗan faifai ne a bakin kafireto da ke rage iska don mai ya yi yawa a gaurayen. Injin mai lafiya, in ya ɗauki zafi, ba ya son cok, ana ja masa sai ya shaƙe ya yi baƙin hayaƙi. Amma in injin na cikin shessheƙa aka ja cok rabi sai ya farfaɗo ya miƙe, ya faɗa da bakinsa cewa yunwar mai yake ji. Daga nan gwani zai bi man tun daga tushe. Ya zare tiyo daga bakin kafireto, ya zura a farar kwalba, ya sa a juya injin, ya zuba ido ga yadda man ke zuwa. Ba ya gamsuwa da tsartuwar farko, yakan jira ya ga ko gudun zai ɗore ko zai koma ɗigo. Sau da yawa ɗan guntun ganye ne ko ɓallin leda ke yawo a cikin tanki. Injin na aiki, jan mai ya janyo shi ya liƙe a bakin mafita. Injin na tsayawa ya saki ya koma yawonsa. Wani lokaci tsohon tiyo ne ya ruɓe ta ciki, waje sumul, ciki kuwa ɓawon roba ya ɗago yana rufe hanya in zafi ya tausasa shi. Famfon mai na waɗannan injina ma ba wuta ke tafiyar da shi ba, bugun iskar cikin injin ne ke kaɗa wata 'yar fatar roba ta wani gajeren tiyo, kuma tsaga ƙanƙanuwa a wannan tiyon ta isa ta raunana famfon.

Sai ya ajiye kwalbar a kan taya ya ba ta minti biyu. Ruwa ya fi fetur nauyi, don haka in akwai shi zai kwanta a gindin kwalba, da layi sarai tsakaninsa da mai. A cikin tanki ma haka yake kwance a kusurwa bai dami kowa ba, sai injin ya hau gangare ko ya yi kwana, ruwan ya gangaro bakin mafita, injin ya yi tari ya tsaya. Shi ya sa tambayar gangare ba ta banza ba ce, haka ma tambayar inda aka sayo mai. Jarkar da ta kwana a waje da damina, ko galan na 'yan bumburutu, ba a rasa su da ruwa ko datti. Ko man gidan mai ba a rantsuwa a kansa: a Fabrairun 2022 an shigo Najeriya da fetur mai yawan sinadarin metanol, masu motoci da dama suka ji a jikinsu. Haka nan man da aka bari a kafireto tun ƙarshen damina har rani ya wuce, yakan bushe ya bar ƙaro a ƙananan kafofin da mai ke bi, kafofin da ba su fi bakin allura ba.

In kuwa mutuwar ɗif ce, kuma hasken tagar ya riga injin ɗaukewa, to an shigo wajen da na fi jin daɗin kallon gwani. A saman injin akwai babban faifan ƙarfe mai nauyi da kanikawa ke kira fulawil, da maganaɗisu a gefensa. Kusa da shi, ba tare da sun taɓa juna ba, koyil ke zaune. Duk sanda maganaɗisun ya gifta gaban koyil sai wuta ta haihu a ciki, ta haura sama da volt 10,000, ta tsallake bakin filogi. A da wasu 'yan ƙarafa masu buɗewa da rufewa ke yanke wannan wuta a kan lokaci, amma tun 1982 Briggs & Stratton ya koma ga tsarin da ya kira Magnetron, inda ɗan taransisto ke yin aikin, kuma yau kusan duk ƙananan injina haka suke. A cikin koyil akwai wayar tagulla siririya ƙwarai, an naɗe ta sau dubbai an daskare ta a cikin roba. In wayar nan ta tsinke a wuri guda, bakunan biyu suna nan manne da juna muddin da sanyi. Zafi na shiga, komai ya buɗa, bakunan su rabu, wuta ta yanke. Ya huce, su sake haɗuwa. Wanda ya auna irin wannan koyil da mita da sanyin safiya zai ba shi takardar lafiya, kuma bai yi ƙarya ba. Dole a kama shi da zafinsa.

Gwani kuma ba ya yarda da tsohon gwajin nan na kwanto filogi a jingina shi da jikin injin a kalli tartsatsi. A sararin iska, raunanniyar wuta ma tana iya tsallake 'yar ratar filogi, wadda ba ta wuce milimita 0.76 ba a yawancin waɗannan injina. A cikin silinda kuwa, inda fistin ya matse iska, tsallakewar ta fi wuya nesa ba kusa ba. Shi ya sa yakan gwada da rata mai faɗi, wadda sai lafiyayyar wuta ke iya ƙetarewa. Amma filogin da ya kwanto ba ya ajiye shi bai karanta ba. Bakinsa a jiƙe da fetur, mai na zuwa wuta ce babu. A bushe ƙayau, mai ne bai iso ba. Launin ƙasa-ƙasa alamar lafiya ce, baƙin toka alamar mai ya yi yawa, fari fat alamar zafi da ƙarancin mai.

Rashin tartsatsi bai isa a yanke wa koyil hukunci ba, kuma a nan ne mai gaggawa ke asarar kuɗin mutane. Daga jikin kowane koyil akwai siririyar waya da ke tafiya zuwa makulli da sauran maɓallan tsaro. Aikinta kashe injin: in ta taɓa jikin ƙarfe sai wutar ta zurare can, filogi bai samu ba. Gwani yakan zare wannan waya daga koyil, yana sane cewa yanzu makulli ba lalle ya kashe injin ba, sai ta hanyar yanke mai, sa'annan ya sake gwadawa. In tartsatsi ya dawo, koyil ba shi da laifi, wani abu ne a can baya ke kashe shi. In bai dawo ba, koyil ne. A injin mai silinda biyu akwai wata dabara mai kyau. Silinda ɗaya na iya ɗaukewa injin bai mutu ba, sai dai ya rasa ƙarfi in ya shiga ciyawa mai kauri, sautinsa ya canza. Gwani ya gano wadda ke ɗaukewa, ya musanya koyil ɗin dama da na hagu. In ciwon ya bi koyil ya koma ɗaya gefen, gani ya kori ji. In ya tsaya inda yake, sai a duba bawul.

Ɗaura koyil ma abin kallo ne. Ratar da ke tsakaninsa da fulawil ƙanƙanuwa ce, kamar milimita 0.25 zuwa 0.35 a injin Briggs. Wanda ba shi da siraran ƙarafan awo yakan ɗauko katin adireshi, ya sa shi tsakani, ya juya fulawil da hannu har maganaɗisu ya zo ya fizgo koyil ya matse katin. Sai ya ɗaure notuna biyu, ya sake juya fulawil katin ya zame ya fito. Ratar ta zauna daidai.

In waya ce ke kashe koyil, sai a koma ga maɓallan tsaro. A ƙarƙashin kujera akwai maɓalli da ke gane ko akwai mutum a kai, akwai wani a birki, wani a sandunan tuƙi, wani a abin sa wuƙaƙe. An tsara su don in mai tuƙi ya faɗi ko ya sauka, injin ya mutu nan take. Maɓallin kujera da ya tsufa yakan ɗauka mutum ya tashi alhali ƙafar injin ce ta faɗa rami, kuma mai tuƙi marar jiki ya fi fama da wannan. Gwani yakan sa mutum ya zauna, a ja birki, a kashe wuƙaƙe, injin na aiki, shi kuma ya bi damin wayoyi da yatsu, yana girgiza su ɗaya bayan ɗaya, yana jan kowace mahaɗa. Inda ya taɓa injin ya yi tari, nan ne. Galibi waya ce da girgiza ta goge wa riga a gefen ƙarfe, ko mahaɗar da ruwan wanki ya shiga ta yi kore. Akwai masu ɗaure maɓallin kujera da waya su ce sun gyara. Wannan ba gyara ba ne, kuma ban ga uzurinsa ba. Bakin wuƙar irin wannan injin yana gudu fiye da kilomita 300 a awa, kuma maɓallin nan shi ne tsakanin wuƙar da ƙafar mutum.

Mita na da nata aikin a nan. Cikakken batir yana nuna volt 12.6 in injin na kashe, ya hau zuwa 13.5 ko 14 da wani abu in injin na gudu. In bai hau ba, caji ba ya zuwa. Kulocin da ke sa wuƙaƙe da wuta yake aiki, yana shan batir a hankali, kuma a gindin kafireto akwai wani ɗan bawul na wuta da ke buɗe hanyar mai, shi ne ke yin "ƙas" in an murɗa makulli. Batir na yin ƙasa sosai, bawul ɗin ya rufe, injin ya mutu da alamun yunwar mai alhali laifin na caji ne. Wayar da ke haɗa batir da jikin injin, in ta yi tsatsa ko ta sassauta, ita ma haka take yi.

Ko an kama koyil dumu-dumu, gwani ba ya tsayawa, sai ya tambayi abin da ya gasa shi. Ya kwance murfin saman injin ya leƙa. Jikin silinda yana da fika-fikan ƙarfe da iska ke bi ta kwashe zafi, kuma a injin da ke wuni cikin ciyawa, tsakaninsu yakan cika maƙil da ƙaiƙayi da ƙura da baƙin mai, wani lokaci har da sheƙar ɓera. Injin da ba shi da lagireto, in aka toshe masa wannan hanya a watan Afrilu, zafi ne zai bi shi gaɓa-gaɓa: ya ci koyil, ya tafasa fetur a cikin tiyo, ya sassauta mazaunin bawul. Sabon koyil a kan toshassun fika-fikai kwanansa ƙidayayyu ne. Daga nan ya bar injin ya yi sanyi ƙalau, ya auna ratar bawul, wadda a injina da yawa ba ta wuce milimita 0.10 zuwa 0.15 ba. In ta matse, ƙarfe na ɗaukar zafi ya miƙe, bawul ya kasa rufewa sosai, matsi ya zube. Gwamna kuwa, wato sanda da sifirin da ke daidaita gudun injin, gwani ba ya saurin taɓa shi. In injin na hawa yana sauka, yawanci gwamna ƙoƙari yake ya cike giɓin man da toshasshiyar kafar kafireto ta hana, kuma murɗa shi ɓata abu biyu ne a maimakon ɗaya.

Duk tsawon wannan aiki abu ɗaya yake canzawa a lokaci guda, don in ya canza uku injin ya warke, bai san wanne ne ba, kuma mai injin ya biya kuɗin biyu a banza. In ya gama, ba ya sallamar injin a bakin shago. Sai an koma filin da abin ya faru, a irin lokacin da ya saba faruwa, da wuƙaƙe a ciyawa, a yi ninkin mintunan da ya saba yi kafin ya mutu. In abin da aka canza mai sauƙin cirewa ne, kamar murfin tanki ko maɓalli, yakan mayar da tsohon ya ga ciwon ya dawo, sa'annan ya sake sa sabon. Ya duba lambar da ke kan agogon awoyin injin ya rubuta ta da kwanan wata, ya miƙa wa mai tuƙi tsohon abin da aka cire don ya kai wa maigidansa, ya nuna masa ragar da ke saman fulawil wadda zai riƙa sharewa kowace yamma bayan ya cire makulli, da ranar da baƙin mai zai cika awa 100.